Kwamfutar Kwantum: Yadda Take Aiki da Inda Amfaninta Ya Tsaya

Kwamfutar kwantum na'ura ce da ke yin lissafi da dokokin da ke tafiyar da mafi ƙanƙantar halittu, irin su ƙwayar zarra da ilektoron da ƙwayar haske. Waɗannan dokoki sun saɓa wa abin da ido ya saba gani, kuma an daɗe da saninsu. A 1900 Max Planck ya nuna a birnin Balin cewa makamashi gutsure-gutsure yake fitowa, kowane gutsure da iyakarsa, sannan a 1925 Werner Heisenberg ya shimfiɗa lissafin farko da ya tattara al'amarin wuri ɗaya. Cikar wannan aiki shekara 100 ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, kuma ƙasar Gana ce ta gabatar da ƙudurin a gaban babban zauren majalisar.

Kowace kwamfuta ta yau da kullum, daga wayar hannu har zuwa injinan da bankuna ke ajiye asusun jama'a a ciki, da bit take aiki. Bit ko dai 0 ne ko 1, babu na uku. Hoto da murya da saƙo duk jerin bit ne, kuma aikin kwamfuta shi ne ta bi jerin nan tana sauya shi mataki-mataki. A kowane lokaci ana iya leƙa ciki a ga abin da kowane bit yake ɗauke da shi, kuma leƙen ba ya ɓata komai.

Kwamfutar kwantum kuwa da kubit take aiki. Idan aka auna kubit, shi ma 0 ko 1 zai bayar. Bambancin yana ga halin da yake ciki kafin a auna shi. Ana bayyana wannan hali da lambobi biyu, ɗaya rataye da 0, ɗaya rataye da 1, waɗanda masana ke kira amfilitud. Girman kowace lamba shi ke nuna yawan yiwuwar samun wannan amsa a lokacin awo. Da a nan maganar ta tsaya, da kubit bai wuce ƙuri'a ba. Sai dai yiwuwa irin wadda aka sani ba ta sauka ƙasa da sifiri, ba a taɓa cewa yiwuwar ruwan sama gobe ta gaza babu. Amfilitud kuwa tana iya ɗaukar alamar ƙari ko ta ragi, har ma tana da alƙiblar da take fuskanta. Saboda haka idan hanyoyi biyu na lissafi suka kai ga amsa ɗaya, ɗaya da alamar ƙari ɗaya da ta ragi, sai su cinye juna, amsar ta ɓace kamar ba a taɓa bin hanyarta ba. Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu cikin tafki ya ga irin wannan: inda tudun igiyar ruwa ya haɗu da tudun wata sai ruwan ya ƙara tashi, inda tudu ya haɗu da kwari sai ya kwanta lamo. Wannan karo na igiyoyi shi ne jarin kwamfutar kwantum gaba ɗaya.

Lamarin yana ƙasaita da zarar kubit sun yi yawa. Kubit biyu suna buƙatar lambobi huɗu kafin a bayyana halinsu, kubit uku takwas, kowane ƙari yana ninka adadin sau biyu. Kubit 10 suna buƙatar 1,024, kubit 30 fiye da biliyan ɗaya, kubit 50 fiye da tiriliyan dubu. A kubit 300 lambobin sun zarce yawan ƙwayoyin zarra da aka ƙiyasta a duk sararin samaniyar da ake iya hangowa. Dalilin wannan ninkuwa shi ne sarƙewa, wato halin da kubit biyu ko fiye suke shiga inda ba a iya bayyana ɗaya ba tare da sauran ba. Idan kubit biyu suka sarƙe ta wata siga, kowanne shi kaɗai amsarsa ba ta da tabbas, amma da an auna ɗaya an san abin da ɗayan zai bayar ko da nisa ya raba su. Albert Einstein bai gamsu da wannan ba, shi da abokan aikinsa biyu sun rubuta sukarsu a 1935. A 1964 John Bell ya fitar da hanyar da za a gwada wa ke da gaskiya, gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma suka tabbatar da sarƙewa, har aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel ta 2022 a kansu. Sarƙewa dai ba ta aika saƙo fiye da gudun haske, duk da yawan faɗar haka da ake yi.

A nan ne ake yawan yin kuskure wajen bayani. Sau da yawa a kan ji an ce kwamfutar kwantum tana gwada dukkan amsoshi lokaci guda sannan ta zaɓi daidai. Rabin maganar ne kawai yake da tushe. Gaskiya ne ana iya shirya kubit su ɗauki amfilitud na dukkan amsoshi, amma ranar awo amsa ɗaya tak ke fitowa, kuma idan ba a yi wata dabara ba, kowace iri ce za ta iya faɗowa. Masanin lissafi ɗan Rasha Alexander Holevo ya tabbatar tun 1973 cewa daga kubit 300 ba za a iya karanto fiye da bit 300 ba, komai yawan lambobin da ke ɓoye ciki. Aikin mai tsara lissafin kwantum shi ne ya jera matakai ta yadda hanyoyin da ke kai wa ga amsoshin banza za su cinye juna, masu kai wa ga amsar gaskiya su ƙarfafa juna, alhali shi kansa bai san amsar ba tukuna. Hakan ba ya yiwuwa sai matsalar tana da wani tsari a ɓoye da za a kama. Shi ya sa dabarun kwantum da aka tabbatar sun yi wa na gargajiya fintinkau ba su da yawa, bayan shekaru fiye da arba'in ana nema.

Tunanin ya fara ne daga masana fiziks. Paul Benioff ya bayyana samfurin irin wannan na'ura a rubuce a 1980. A 1981, a wani taro a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Feynman ya jawo hankali ga cewa kwamfuta ta gargajiya tana shaƙewa idan aka sa ta kwaikwayi ƙananan halittu, saboda ninkuwar lambobin nan, don haka mafita ita ce a gina na'urar da ita kanta da dokokin kwantum take tafiya. David Deutsch na jami'ar Okusfod ya ba tunanin cikakken tsarin lissafi a 1985. Duk da haka batun bai fita daga zauren malamai ba sai a 1994, lokacin da Peter Shor na ɗakin binciken Bell Labs ya fito da dabarar da ta tayar da hankalin gwamnatoci.

Abin da Shor ya taɓa shi ne makullin sirrin intanet. Tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka ƙirƙiro a 1977, ya dogara ne kan wani rashin daidaito a lissafi. Ninka 61 da 53 abu ne mai sauƙi, amsa 3,233. Amma a ba mutum 3,233 a ce ya nemo lambobin da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Makullin RSA da aka fi amfani da shi lamba ce mai alƙaluma 617. Mafi girman irin waɗannan lambobi da aka sanar an fasa da kwamfutoci na gargajiya a 2020 tana da alƙaluma 250, kuma aikin ya ci abin da ya kai kimanin shekara 2,700 da a ce ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce ta yi shi.

Shor ya mayar da neman waɗannan lambobi neman maimaici. A ɗauki 15. A fara da 2, a yi ta ninkawa da 2, duk lokacin da aka wuce 15 a riƙe abin da ya saura bayan an cire ta. Za a samu 2, 4, 8, 1, sannan 2, 4, 8, 1, haka har abada. Jerin yana komawa farko bayan mataki huɗu. Rabin huɗu biyu ne, kuma lamba ta biyu a jerin ita ce 4. A rage mata ɗaya a samu 3, a ƙara mata ɗaya a samu 5, ga iyayen 15 sun bayyana. Ga lamba mai alƙaluma ɗaruruwa, tsawon maimaicin ya fi ƙarfin bi ɗaya-ɗaya. Amma maimaici shi ne ainihin irin tsarin da karon igiyoyi ke iya tonowa, domin duk wani tsawo da bai dace da jerin ba yana cinye kansa, wanda ya dace kuma ya rage. Dabarar tana karya ɗaya babban tsarin makulli da ake amfani da shi a wayoyi da kuɗin kirifto, wanda aka gina kan lissafin lanƙwasassun layuka.

Dabara ta biyu da ta yi suna ita ce ta Lov Grover, shi ma na Bell Labs, a 1996. Idan ana neman abu ɗaya cikin miliyan ɗaya da ba a jera su ba, ita tana buƙatar matakai kimanin dubu. Riba ce, amma ba irin ta Shor ba, kuma jinkirin na'urar da nauyin gyaran kuskure suna iya cinye ta tas.

Wajen gina na'urar ne gizo ke saƙa. Kubit yana buƙatar abubuwa biyu masu gaba da juna: a killace shi daga duniya kada komai ya taɓa shi, kuma a iya sarrafa shi daidai wa daida. Ɗan zafi, ɗan girgiza, ko wata ƙwayar haske da ta ɓato hanya, duk suna zama tamkar awo, sai halin kubit ya rushe. Kamfanonin IBM da Google suna yin nasu kubit da ƙananan da'irorin lantarki na ƙarafan da ke daina tare wuta idan sun yi sanyi ƙwarai. Ana rataye su a cikin firiji na musamman da ke sauka zuwa kimanin kashi 15 cikin 1,000 na digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas. Sararin samaniya ma, da ke da digiri 2.7 sama da wannan iyaka, ya fi cikin firijin ɗumi. Duk da haka irin wannan kubit yawanci ba ya riƙe halinsa ko da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Gwaje-gwajen da John Clarke da Michel Devoret da John Martinis suka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1984 da 1985 ne suka share fagen wannan hanya, kuma su suka karɓi kyautar Nobel ta fiziks a 2025.

Akwai wasu hanyoyin. Quantinuum da IonQ suna tsare ƙwayoyin zarra masu caji a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, suna sarrafa su da hasken leza. Kuskurensu kaɗan ne, amma sun fi jinkiri. QuEra tana amfani da ƙwayoyin zarra marasa caji, PsiQuantum da Xanadu kuma da ƙwayoyin haske. Microsoft ta daɗe tana bin wani nau'in kubit da ake fatan zai kare kansa daga kuskure, sai dai wata muhimmiyar maƙala ta 2018 a kan hanyar an janye ta a 2021, kuma sanarwar da kamfanin ya yi a farkon 2025 ta gamu da tababar masana da yawa. Har yau babu hanyar da ta yi zarra.

Kuskure shi ne babban shinge. A na'urori mafi inganci, matakin da ya haɗa kubit biyu yana kuskurewa kusan sau ɗaya cikin dubu, alhali fasa makullin RSA yana buƙatar matakai biliyoyi. Kwamfuta ta gargajiya tana maganin kuskure ta hanyar kwafe bit sau da yawa, amma a 1982 an tabbatar cewa ba a iya kwafe halin kubit da ba a sani ba, kuma leƙa shi ma rusa shi ne. Mutane da yawa sun ɗauka an zo ƙarshen hanya. Shor ne ya sake buɗe ta a 1995, ya nuna ana iya baza bayanin kubit ɗaya a cikin kubit tara da suka sarƙe, a riƙa auna alaƙar da ke tsakaninsu kawai, a gano inda kuskure ya faɗa ba tare da an ga bayanin ba. Daga baya aka tabbatar cewa muddin kuskuren kowane mataki ya sauka ƙasa da wata iyaka, ƙara yawan kubit yana ƙara aminci. Idan kuwa bai sauka ba, ƙari sai ya ƙara ɓarna. A Disamban 2024 Google ta nuna ta tsallake wannan iyaka da na'urarta Willow mai kubit 105: da ta faɗaɗa jerin daga 3 sau 3 zuwa 5 sau 5 zuwa 7 sau 7, kuskuren ya riƙa raguwa da kusan rabi a kowane mataki. Wannan ci gaba ne na gaske, watakila mafi muhimmanci a shekarun nan. Amma kusan dukan na'urar aka kashe wajen samar da amintaccen kubit guda ɗaya, wanda ajiye bayani kawai ya yi, kuma manyan ayyuka suna buƙatar ɗaruruwa ko dubbai irinsa. Saboda haka yawan kubit da kamfani ya sanar ba ya nuna ƙarfin na'ura. IBM ta fitar da mai kubit 1,121 a 2023, amma ita kanta ta karkata ga ƙananan na'urori masu ƙarancin kuskure.

Sanarwar da ta fi jan hankalin duniya ita ce ta 2019, lokacin da Google ta ce na'urarta Sycamore mai kubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki babbar kwamfutar duniya shekara 10,000. Nan da nan IBM ta ce kwana biyu da rabi sun isa idan aka yi dabara. A 2022 ƙungiyar Pan Zhang ta Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin ta yi kwatankwacin aikin da kwamfutoci na gargajiya cikin sa'o'i kimanin 15. Shi aikin kansa fitar da jerin lambobi ne daga matakan da aka zaɓa barkatai, an ƙirƙire shi ne don ya yi wa kwamfutar kwantum sauƙi ya yi wa ta gargajiya wuya, ba ya warware wa kowa wata matsala. A ɓangaren dabarar Shor kuwa, an fasa 15 zuwa 3 da 5 a 2001 a ɗakin binciken IBM, an fasa 21 a 2012 a jami'ar Biristol ta Ingila, kuma da'awar manyan lambobi da ake ji daga baya yawanci an bi ta gajeriyar hanyar da ba za ta yi aiki a kan makulli na gaske ba.

Inda aka fi sa rai shi ne inda Feynman ya nuna tun farko, wato kimiyyar sinadarai da ta kayan ƙira. Misalin da aka fi kawowa ya shafi takin zamani. Ana yin sinadarin amoniya, tushen takin yuriya, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a Jamus a farkon ƙarni na ashirin, da zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin iska mai tsanani, kuma aikin yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake suna yin wannan aiki a cikin ƙasar gona ba tare da wuta ba, wanda shi ne sirrin da ya sa gonar da aka haɗa gero da wake take ƙara albarka. A tsakiyar sinadarin da suke amfani da shi akwai wani ƙulli na ƙarfe da molibdinom da salfa wanda ilektoron ɗinsa suka sarƙe har lissafa halinsu daidai ya zama aiki mai matuƙar wuya ga kwamfuta ta gargajiya. A 2017 masana daga jami'ar ETH ta Zurik da kamfanin Microsoft sun ƙididdige abin da kwamfutar kwantum za ta buƙata don wannan aiki, kuma ko bayan an yi ta rage ƙiyasin, har yanzu ya fi ƙarfin na'urorin da ke akwai. Da sauran rina a kaba. Kuma fahimtar ƙullin mataki ɗaya ne kawai, tsakaninsa da buhun taki mai araha akwai tafiya mai nisa.

Alƙawuran da ake yi game da harkar kuɗi da tsara hanyoyin sufuri da ƙirƙirarriyar basira su suka fi rauni. Waɗannan ayyuka ne masu tarin bayanai, kuma shigar da tarin bayanai cikin kubit aiki ne mai jinkiri da kan cinye ribar tun kafin a fara. Wani lokaci ma ribar ba ta nan. A 2018 Ewin Tang, ɗalibar jami'ar Tekzas mai shekara 18, ta ɗauki wata dabarar kwantum da ake alfahari da ita, wadda ke hasashen abin da mai saye zai so, ta nuna kwamfuta ta gargajiya za ta iya yin kusan haka. Kamfanin D-Wave na Kanada yana sayar da wani nau'in na'ura na daban tun 2011, amma fifikonta a kan kwamfutoci na gargajiya a ayyukan kasuwanci har yanzu abin jayayya ne. Akwai ma masana irin su Gil Kalai na jami'ar Ibraniyawa da ke Ƙudus da ke ganin kuskure ba zai taɓa barin a gina babbar na'ura ba. Su ne 'yan tsiraru, amma babu wanda ya rufe musu baki tukuna. Abin da ba a jayayya a kai shi ne cewa na'urar ba za ta maye gurbin waya ko kwamfutar ofis ba, domin a rubutu da kallon bidiyo da lissafin albashi ba ta da abin da za ta ƙara.

Amfanin na'urorin da ke akwai a yau na bincike da koyarwa ne. A 2016 IBM ta buɗe wata mai kubit biyar ga duk mai intanet, kuma a 2019 jami'ar Wits ta Johannasbag ta zama jami'ar farko a Afirka da ta shiga haɗin gwiwar kamfanin. Ɗalibin da ya iya lissafin aljabara na matakin jami'a yana iya rubuta shiri ya aika ya ga sakamako daga inda yake.

Tasirin da ya riga ya iso ga kowa shi ne na tsaron bayanai. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa fasa makullin RSA mai alƙaluma 617 zai buƙaci kubit miliyan 20 na tsawon sa'a takwas. A 2025 Gidney ya sauko da ƙiyasin ƙasa da kubit miliyan ɗaya cikin ƙasa da mako guda. Babu na'urar da ta kusa haka, amma tazarar raguwa take yi ta ɓangarori biyu. Haɗarin kuma ba ya jiran na'urar, domin ana iya kwashe kullallun saƙonni yau a ajiye su har ranar da za a iya buɗewa. Bayanan asibiti da na tsaro da na banki da ake son su zauna a asirce shekara ashirin sun riga sun shiga wannan haɗari, kuma duk wanda ke tura kuɗi ta manhajar banki a waya a ƙarƙashin irin waɗannan makullai yake.

Maganin ba ya buƙatar kwamfutar kwantum. Sababbin makullai ne da aka gina kan wasu matsalolin lissafi da dabarar Shor ba ta kama su, kuma suna aiki a waya ta yau da kullum. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar zaɓensu a 2016. Gasar ba ta tafi sumul ba: a 2022 masana biyu daga jami'ar Luben ta Beljiyam sun fasa ɗaya daga cikin 'yan takarar da suka yi nisa, mai suna SIKE, da kwamfuta ta gargajiya cikin kimanin sa'a ɗaya. A Agustan 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idoji uku na farko. Manhajar Signal ta fara amfani da irin wannan kariya tun 2023, Apple kuma ta sa ta a iMessage a 2024. Sauya makulli a bankuna da ma'aikatun gwamnati da kamfanonin sadarwa aikin shekaru ne, domin sai an fara gano duk inda tsohon yake a cikin injina da manhajoji. Daftarin da NIST ta fitar a Nuwamban 2024 ya ba da shawarar a fara janye makullin RSA da aka saba da shi bayan 2030, a haramta shi gaba ɗaya bayan 2035.